Dakta, Kai Ka Ƙera Wannan Jirgin?

A ɗakin karatuna na gida akwai wani ƙaramin jirgin sama da na rataye da zaren kamun kifi a jikin silin. Faɗin fukafukansa bai kai mita ɗaya da rabi ba, kuma yaro ɗan shekara biyar zai iya ɗaga shi da hannu ɗaya. Bayansa fari ne, da koren ratsi da ya taso daga hanci har wutsiya, a jikin wutsiyar kuma ga hoton giwa mai fukafuki. Duk baƙon da ya shigo ɗakin, kafin a gama gaisawa idonsa ya kai kan jirgin, kuma kusan kullum tambayar guda ce: "Dakta, kai ka ƙera wannan?"

Nakan amsa da cewa a ƙasar Sin aka ƙera shi, a Ingila na saye shi, ni fenti kawai na yi masa. Da na faɗi haka sai in ga murnar mai tambaya ta ragu, kamar wanda aka yi wa albishir aka janye. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, akwai ranakun da zuciyata ta raya mini in gyaɗa kai kawai in yi shiru, tunda ba wanda zai bincika. Dalilin da ya hana ni, da kuma abin da ya sa kalmar "kawai" da nake sakawa bayan fenti ta fara damuna, su ne nake so in tattauna da masu karatu a wannan makon.

Na haɗu da wannan wasa ne a lokacin da nake karatun digiri na uku a fannin injiniyan kanikanci a wata jami'a da ke tsakiyar Ingila. Iyalina suna gida Najeriya, aikin ɗakin gwaji ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga hunturun ƙasar da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu na yamma. Wata Lahadi na fita yawo bayan gari don in sarara, sai na jiyo wata ƙara kamar ta zuma a sama. Na bi ta har na iske wani fili mai ciyawa da aka aske lumui, da mutane kamar goma sha biyu, galibinsu dattawa masu furfura, kowa riƙe da rimot a hannu ya ɗaga kai sama. Da farko abin ya ba ni dariya, don a wurinmu wanda ya kai shekarunsu ba a tsammanin ganinsa da kayan wasa. Ban bar wurin ba sai da sanyi ya kore ni, kuma Lahadin da ta biyo baya na dawo.

A hankali na gane cewa abin da na ɗauka wasan yara ne yana da tsari da tarihi. Kulob ɗin nasu reshe ne na ƙungiyar masu tashin ƙananan jirage ta Birtaniya, wadda ake kira BMFA, da asalinta ke komawa shekarar 1922, kuma kowane ɗan ƙungiya yana da inshora saboda ɓarnar da jirginsa zai iya yi wa wani. A da, in ji su, duk mai son jirgi sai ya sayi zane da katakon balsa, ya kwashe watanni yana yanka yana mannawa. Yanzu mafi yawan jiragen da ke filin a ƙere suke zuwa daga masana'anta. Wasu na katako ne da aka riga aka lulluɓe da wata leda mai kama jiki idan an goga mata ɗan ƙaramin dutsen guga, irin su MonoKote da Oracover. Wasu kuma, waɗanda su ne masu araha, an zuba su ne da wani farin soso mai tauri, ɗan'uwan wanda ake tare talabijin da shi a cikin kwali. Ka buɗe kwali, ka ɗaura fukafuki da ƙusa biyu ko roba, ka caja batir, shi ke nan.

Irin wannan na saya, jirgin koyo mai fiffike a sama da farfela guda a hanci. Wani dattijo da ya yi rayuwarsa yana fentin motoci kafin ya yi ritaya shi ya ɗauki nauyin koya mini. Tun ban kammala karatun ba yake kirana Dakta, cikin zolaya. Sai dai arahar jirgin ta zo da matsalarta. Mu huɗu ne a filin muke da iri ɗaya, launi ɗaya, sitika ɗaya. Wata rana biyu daga cikinsu suna sama, na ɗan ƙifta ido, sai na ci gaba da tuƙa jirgin wani da idona, alhali nawa yana can ya nufi shinge. Ina ta mamakin yadda jirgi ya daina bin umarnina, har dattijon ya fizge rimot ɗin daga hannuna ya ceto shi. Da muka sauko ya ce mini, in dai zan ci gaba da zuwa, to in sa wa jirgina kamannin da zan gane shi ko daga nesa.

Ban sha wahalar zaɓen kamanni ba. Ina ɗan makarantar firamare aka kai ni filin jirgin sama na Kano rakiyar mahaifina, Allah Ya jiƙansa, a tafiyarsa aikin Hajji. Ban iya tuna fuskokin waɗanda muka je da su ba, amma ina tuna wani ƙaton farin jirgi mai koren ratsi da giwa a wutsiya, da yadda wani kawuna ya nuna shi ya ce, "Ka ga wannan, namu ne." Kamfanin Nigeria Airways ke nan, wanda aka kafa a 1958, wanda kuma shi ya karɓi jirgin DC-10 na ƙarshe da aka ƙera a duniya a 1989. A shekarar 2003 ya daina tashi, ya bar basussuka da tsofaffin ma'aikata da suka shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu. Na san jirgina mai farfela ɗaya ba ya kama da DC-10 ko ta ina, kuma sa masa wannan tufa tamkar ɗaura wa jaki kayan dokin hawan sallah ne. Duk da haka na ƙudurta sai giwar nan ta sake tashi, ko da a sararin samaniyar wani ƙauyen Ingila ne.

Aikin ya fi yadda na zata wuya. Matakin farko shi ne cire sitikun masana'anta, kuma in ka fizge su da ƙarfi sai su taho da fatar soson. An ce in ɗumama su da na'urar busar da gashi, na kuwa matsa kusa fiye da kima, sai ƙwayoyin soson suka kumbura, wani sashe na fiffike ya koma kamar bayan kada. Na cike wurin da wani farin ƙulli marar nauyi na goge da sanfefa mai laushi. Daga nan na sayo gwangwanin fentin feshi irin na motoci. Allah Ya taimake ni na fara gwadawa a kan wani guntun soson da aka tare jirgin da shi a kwali, ina kallo ya narke ya lotsa kamar an ɗiga wa sukari ruwa. Sinadarin da ke tsinka irin wannan fenti yana cinye soson da ake kira EPS nan take. Wanda ake kira EPO, da aka fi yin jirage da shi yanzu, ya fi juriya, amma shi kuma santsi gare shi, fenti ba ya kama shi sai an wanke maiƙon masana'anta da ke jikinsa. Mafita ita ce fentin da ake damawa da ruwa. Shi ma tef ɗin takarda da ake tare layi da shi sai ka fara manna shi a jikin wandonka ya rage danƙo, in ba haka ba ya taso da fentin da ke ƙarƙashinsa.

Na kwashe makonni uku ina wannan aiki da daddare a kan teburin cin abincina. Farin da na shafa bai rufe tabon sitikun ba, sai na ƙara shafi na biyu, na ƙara na uku. Wutsiya ta fi ko'ina shan fenti, domin can ne tutar kore da fari take, can ne kuma giwar take, wadda na zana na goge ba adadi kafin ta daina kama da alade. Na rubuta lambar rajista mai farawa da 5N, wato alamar jiragen Najeriya, sannan na bi komai da wani shafi mai sheƙi. Cikinsa da bayansa duk na yi su iri ɗaya, fari da kore. Da na kai shi fili dattawan suka kewaye shi suna yabawa, ni kuwa ina ta bayanin tarihin kamfanin kamar ni na kafa shi. Malamina mai fenti bai ce komai ba sai tambaya ɗaya: ko na sake auna daidaiton jirgin bayan fentin? Na ce masa ai fenti ne kawai.

Jirgin bai yi minti ɗaya a sama ba. Yana barin ƙasa ya ɗaga hanci kamar doki mai tirjiya, in na danna shi ƙasa ya zarce, in na ɗago shi ya wuce kima. Ina cikin kokawa da shi ya yi nisa ya shiga saitin wasu itatuwa, koren jikinsa ya saje da ganye, farin kuma ya saje da gajimaren da ke bayansu. Da ya karkata, ban iya tantance ko bayansa nake gani ko cikinsa ba. Na juya shi ɓangaren da nake zaton zai miƙe, ashe ƙara kifar da shi nake yi. Muka tsinto shi a gonar da ke maƙwabtaka, hanci ya wargaje, fiffike ɗaya ya karye, giwar kuwa ko ƙwarzane ba ta yi ba.

Dattijon ya ɗora gawar jirgin a kan yatsunsa biyu, a daidai inda takardar masana'anta ta ce cibiyar nauyinsa take, sai wutsiya ta rinjaya ƙasa. Ya ce suna da wata magana a tsakaninsu, cewa jirgin da hancinsa ya yi nauyi zai tashi da ƙyar, wanda wutsiyarsa ta yi nauyi kuwa sau ɗaya yake tashi. Kunya ta kama ni, domin wannan ƙa'ida ce da na koyar da ɗaliban shekarar farko kafin in tafi karatu: tasirin nauyi shi ne nauyin sau nisansa daga majingina. A jirgina, wutsiya tana da nisan kusan santimita 75 daga cibiyar nauyi, inda za a iya sa ƙarin nauyi a hanci kuwa santimita 25 ne kacal. Ke nan giram 15 na fenti a wutsiya sai an biya shi da giram 45 na dalma a hanci, jirgin ya ƙaru da giram 60 saboda ado. Na san lissafin sarai a kan allo. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne fenti ma kaya ne da jirgi zai ɗauka. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido.

Gyaran ya ɗauki wata guda, kuma a nan ne na koyi sana'ar da gaske. Na manne karayar da gam, na kankare fentin wutsiya na sake shi da shafi ɗaya siriri, na matsar da batir gaba maimakon in ƙara dalma. Kowane mataki sai na ɗora jirgin a kan sikelin kicin na rubuta. Dattijon ya koya mini cewa launin jirgi irin wannan na'urar tuƙi ne, tunda matuƙinsa yana ƙasa kuma ido ne kaɗai ke gaya masa halin da ake ciki. Dole baya da ciki su bambanta ƙwarai, kuma da manyan zane, don ƙananan ƙawa ba sa ganuwa daga mita ɗari. Ya gargaɗe ni kada in sa launi mai duhu a baya, domin yana zuƙar zafin rana har soson ya yi ƙuraje, ya kuma hana ni fenti mai ƙyallin ƙarfe kusa da eriya don yana iya rage ƙarfin saƙon rimot.

Da na nuna ƙyashin ɓata tufar kamfanin da wani launi na daban, sai ya ba ni labarin ratsin baƙi da fari da ke jikin jirgin wani abokinmu a filin. A watan Yulin 1943, lokacin mamayar tsibirin Sisili, sojojin ƙawance sun harbo jiragensu na dakon sojoji guda 23 a dare ɗaya bisa kuskure. Saboda gudun maimaita haka, kafin saukar Nomandi ta ranar 6 ga Yunin 1944 aka ba da umarnin a yi wa jiragensu ratsi biyar, uku farare biyu baƙaƙe, a fukafukai da gangar jiki. An yi aikin cikin gaggawa da buroshi, layukan ma da yawa a karkace suke, amma mai bindiga a ƙasa yana ganewa. Na ɗauki darasin, sai dai ban kwaikwayi ratsin ba. Na shafe cikin jirgina da shuɗi mai duhu irin na marinar Ƙofar Mata, na zana farin dagi babba a ƙarƙashin fiffiken dama kaɗai. Tun daga ranar, in na ga fari na san bayansa ne, in na ga shuni na san cikinsa ne, in na ga dagi na san ina dama take. Ya yi tashi fiye da yadda zan iya ƙirgawa, kuma da dokar rajista ta fara aiki a Birtaniya a ƙarshen Nuwambar 2019 ga duk jirgin da ya kai giram 250, na manna masa lambar da hukuma ta ba ni a cikin ɗakin batir, wadda ita ce lambarsa ta gaskiya.

Zama da mutanen nan ya nuna mini cewa ba wanda ke zaɓen launi a banza. Akwai wanda ya sayi jirgin Mustang ya mayar da wutsiyarsa ja, don tunawa da baƙaƙen matuƙan Amurka da aka horar a Tuskegee, waɗanda suka yi yaƙi daga Italiya a lokacin da sojan ƙasarsu ke ware baƙi da fari. Akwai wanda ya kwafi jirgin da mahaifinsa ya yi wa kanikanci. An taɓa yin musu mai zafi a kan ko ya dace a sa tambarin 'yan Nazi a wutsiyar jirgin Jamus na zamanin yaƙi, wasu na cewa tarihi ne, wasu na cewa akwai tarihin da ba a yawo da shi a filin da yara ke zuwa. A Jamus kanta doka ta hana nuna tambarin a bainar jama'a, shi ya sa masana'antu da dama ba sa sa shi a kwali.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suke amsa irin tambayar da baƙina ke yi mini. Ba ka gama tambaya za a ce maka, "Na kwali ne, na sake masa riga," ko "Daga zane na gina shi, amma ƙafafun saye na yi." Ba mai jin kunyar na farko, ba kuma mai cika baki da na biyu fiye da kima. Har a gasar duniya haka abin yake. Hukumar wasannin sararin samaniya ta duniya, FAI, wadda aka kafa a 1905, tana da rukunin gasa mai suna F4C na jiragen da ke kwaikwayon na gaske, inda dole mai shiga ya zama shi ya gina jirginsa, ya kuma sa hannu a takardar da ke lissafa sassan da ba shi ya yi ba. Suna da wani rukuni, F4H, da aka sassauta wannan sharaɗi. Kowa da wurinsa, muddin ya faɗi gaskiyar abin da hannunsa ya yi.

Bayan na dawo bakin aiki, wata shekara aka sa ni cikin masu duba ayyukan kammala digiri. Wani ɗalibi mai kaifin basira ya kawo jirgi mai rimot, an shafe shi da kore da fari, an rubuta sunan sashenmu a fiffike, kundinsa kuma ya ce shi ya tsara ya ƙera. Ɗakin ya ɗauki tafi, har wani abokin aikina ya fara maganar a kira 'yan jarida. Ni kuwa ina juya shi na ga ɗigon da injin zuba soso ke bari a jiki, na ga inuwar sitikar masana'anta a ƙarƙashin fenti. Na ɗora shi a kan yatsuna biyu, wutsiya ta rinjaya. Ban ce komai a gaban jama'a ba. Na kira shi ofis, na nuna masa hoton nawa jirgin ranar da ya faɗi, na tambaye shi ko ya taɓa tashin nasa bayan fenti. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ai kowa haka yake yi. In na ce saye na yi, wa zai kalle ni?"

Tambayarsa ta fi ƙarfin tsawa, domin gaskiya ya faɗa game da mu. Mu ne muke tafa wa wanda ya ce ya ƙirƙiro, mu kau da kai daga wanda ya ce ya auna ko ya gyara. Sashen da ba shi da kayan gwaji yana neman ɗalibi ya ƙera jirgi cikin wata shida da kuɗin aljihun iyayensa, sannan ya yi mamaki in an kawo masa na kanti. Na roƙi kwamitin a ba shi ƙarin lokaci. Ya sake kundin, ya rubuta a shafin farko cewa gangar jirgin saye ya yi, ya mayar da aikin binciken yadda fenti ke sauya nauyi da cibiyar nauyi, da awo kafin shafi da bayan kowane shafi. Aikin ya yi kyau, kuma duk lambar da ke ciki tasa ce. Amma bai sami makin da yake buri ba, 'yan jarida ba su zo ba, abokin aikina kuma ya ce na kashe wa yaro gwiwa. Har yau in mun haɗu da ɗalibin yana gaishe ni cikin ladabi, amma ba ya tsayawa hira. Ina ganin na yi daidai, sai dai shi ya biya kuɗin gyaran wata ɗabi'a da ba shi ya ƙirƙiro ta ba, kuma wannan yana damuna.

Farawa da abin da wani ya ƙera hanya ce da ƙasashe suka bi. Kamfanin Embraer na Brazil, da aka kafa a 1969, ya yi shekaru yana harhaɗa jirgin horon soja na Italiya da ƙananan jiragen Piper na Amurka bisa lasisi, a fili, ba tare da ya ce nasa ba ne, yana kuma gina nasa a gefe. Yau jiragensa suna jigilar fasinja a Najeriya. Mu ma mun taɓa somawa. Jirgin horon da sojan samanmu suka yi amfani da shi mai suna Air Beetle, wanda aka harhaɗa kimanin 60 a Kaduna, asalinsa jirgin RV-6A ne na wani kamfanin Amurka da ke sayar da jirage a warwatse don mai saye ya haɗa. Ba abin kunya a wannan mafari. Abin takaicin shi ne ba mu ɗora a kansa ba, kuma ƙasar da ta saba kiran harhaɗawa ƙira ba za ta ji ƙaiƙayin koyon ƙirar ba, don a ganinta ta riga ta iso.

A ɗaya ɓangaren kuma, na daina yarda da raina aikin mai ado. Shaddar da muke alfahari da ita ranar sallah, mafi tsadarta daga Ostiriya take zuwa. Ba wanda ya taɓa cewa maɗinkin Zariya ko na Kano da ya yi mata aska takwas shi ya saƙa ta, ba kuma wanda ya taɓa cewa don haka aikinsa ba aiki ba ne. Kowa ya san inda masaƙa ta tsaya da inda allura ta fara, kuma ana biyan kowanne daidai da nasa. Haka mai rubutu a jikin babbar mota, haka mai zanen ƙwarya da ba shi ya shuka duman ba. Al'adarmu ta daɗe da sanin wannan rabo, mu masu boko ne muka rikita shi da son a ce mun ƙirƙiro. Abin da fentin jirgina ya koya mini game da sinadarai da nauyi da gani daga nesa ya fi abin da wasu darussan aji suka koya mini, don haka kalmar "kawai" ba ta dace da shi ba.

Jirgin bai taɓa tashi a Najeriya ba. Tun watan Mayun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta hana tashin jirage marasa matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro, kuma a halin da yankinmu ke ciki ba na son in zama malamin da aka kama da abu mai tashi a bayan gari. Saboda haka yana nan a rataye, ƙurar hunturu tana sauka a bayansa, ina goge ta duk ƙarshen mako.

Kwanakin baya muka sayi firji, sai ɗana na biyu, mai shekara goma sha ɗaya, ya kwashe soson da ke cikin kwalin ya shige ɗaki da reza da tsinken tsire. Bayan kwana uku ya fito da wani abu mai fukafuki, ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ba inji ba rimot, sai dai a wurga shi da hannu. Sau biyu yana kifewa, sannan ya manna masa ƙusa a hanci da salatif, ya tafi kamar taku goma sha biyar kafin ya sauka a gindin dalbejiya. Ya zo yana haki ya ce, "Abba, a ba ni ragowar koren fentin nan." Na ce zan ba shi, amma sai ya fara ɗauko sikelin mamansa daga kicin mun auna jirgin, mun rubuta nauyinsa a takarda.